Ƙamshin Humra a Gidan Takaba

"Amne, rufe ƙofar nan ki matso kusa."

Amne ta ajiye kwalbar man riɗin da take ɗumamawa a tafin hannunta, ta tura ƙofa, ta dawo ta durƙusa a gefen katifa.

Hajje Ashta na kwance cikin farin lafayar takaba, ta rame har ƙasusuwan kafaɗarta sun fito. Tun ranar da aka kai mijinta Alhaji Hisen makwancinsa barci ya ƙaurace mata. An kira likita, an sha ƙwayoyi, an sha rubutu, duk a banza. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa sai aka ce a nemo mai dilka ta riƙa matsa mata jiki, ko Allah zai sa a dace.

Duk faɗin Njamena kuwa hannu ɗaya jikin Hajje ya yarda da shi, hannun Amne, yarinyar da ita Hajjen ta ce ɗanta Bishara ba zai aura ba muddin tana numfashi.

Ba wai an taɓa kama Amne da wani abin kunya ba ne. Laifinta sana'arta ce: budurwa mai shiga gida gida da kwandon turare, tana gyaran amare, tana turara su da itacen dorot, tana ganin abin da ake cewa bai kamata budurwa ta gani ba. Haka mutanenmu suke. Ranar biki a aiko miki da mota, ranar da kika ce kina son ɗan gida a tuna ke 'yar wace ce.

Bishara ya daɗe yana fama da su. Alhaji ya fara saukowa ke nan ajali ya riga shi, magana ta koma hannun ƙaninsa Baffa Annadif, shi kuma ya ce a bari a fita takaba.

"Buɗe akwatin can," in ji Hajje a hankali. "Ƙarƙashin zannuwa akwai wata 'yar kwalba."

Amne ta ɗauko. Tun kafin ta taɓa murfin ta gane ta. Humra ce, ta yi baƙi saboda daɗewa, haɗin marigayiya Sadiye mahaifiyarta, wadda ita ce ta gyara Hajje lokacin amarcinta, kuma ita ta ci gaba da haɗa mata har ta bar duniya.

"Hajje... takaba kike yi."

"Na sani. Kin ga alamar na manta ne?"

"Turare haramun ne a gare ki har ki fita. Ni ba malama ba ce, amma wannan ko yaro ya san shi."

Hajje ta juyo da fuskarta. Idanun nan sun faɗa, sun bushe ƙamas, don tun rasuwar ba wanda ya ga hawayenta.

"Sun kwashe turarukana, sun wanke labule, sun wanke zannuwan gado. Ɗakin nan ya koma warin sabulu. Tun ina yarinya ƙarama kamar ke ban taɓa kwana kusa da Hisen babu wannan ƙamshin ba. Yanzu in na rufe ido sai in nemi fuskarsa in rasa, Amne. Ina nema ina rasawa har gari ya waye. Ɗigo kaɗan kawai a cikin man nan. Ni zan amsa a gaban Ubangijina, ba ke ba."

Amne ta san ba daidai ba ne. Ta kuma san da za ta ce a'a ba wanda zai ga laifinta. Amma tausayi ya fi ƙarfinta, sai ga hannunta yana buɗe murfi.

Ta ɗiga a cikin man riɗin, ta murza a tafi har ya yi ɗumi. Sandal ya fara tashi, mahalab ya biyo baya, kanumfari na can ƙasa ƙasa. Ta fara daga ƙeya, manyan yatsunta na bin jijiyoyin wuya da suka yi tauri kamar igiyar guga. Ta sauko kafaɗu tana dannawa tana saki, ta bi bayan kunne, ta kama hannaye ta murza wuyan hannu da tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya.

Can ta ji jikin yana saki a ƙarƙashin hannunta. Sai kuma ya fara rawa.

Hajje Ashta kuka take yi, kuka mai sauti, irin wanda ya daɗe a tare a ƙirji.

"Ga shi nan," take faɗa, "ga shi nan na gan shi. Wayyo Hisen."

Amne ba ta tsaya ba. Nata hawayen na ɗiga a gefen lafaya.

Da kukan ya ɗan lafa Hajje ta cafke hannunta.

"Rantse mini ba wanda zai ji."

"Mai dilka ba ta bukatar rantsuwa, Hajje. Abin da hannu ya gani a ƙarƙashin zane a nan yake mutuwa. Haka Iya ta bar mini."

Ta mayar da kwalba inda take, ta buɗe tagar baya, ta wanke hannunta da toka da lemon tsami har sau nawa. A zaure suka yi kiciɓis da Bishara zai shiga gaida mahaifiyarsa. Daga nesa suka gaisa kamar kullum, ta rufe fuska da lafaya ta wuce.

* * *

Bayan azahar aka ce ana sallama da Amne a ƙofar gidansu.

Tun kafin ta ƙarasa soro hancinta ya gaya mata an yi ɓarna. Bishara na tsaye cikin farar jallabiyarsa, ƙirjin rigar da kafaɗarta sun yi dabbaren mai, humra na tashi kamar ɗakin amarya.

"Innalillahi. Bishara, me ya kai wannan jikinka?"

"Iya ce," ya ce, muryarsa a dashe. "Ina shiga ta rungume ni tana kuka. Ta daɗe da kanta a ƙirjina, har barci ya ɗauke ta a nan. Amne, Iya ta yi barci! Don murna ban ma lura da komai ba, na fito. Sai ga Gwaggo Zenaba a zaure."

Amne ta dafe bango.

Gwaggo Zenaba yayar marigayi ce, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne ta daɗe tana yi wa 'yarta tanadin Bishara. Ga ta da hanci irin na matan garin nan, waɗanda in kin gifta za su faɗa miki itacen da kika yi turare da shi da kasuwar da kika saye shi.

"Ta ce ta gan ki kina fita daga lungu. Na sunkuya zan gaishe ta ta riƙe mini riga ta hau salati. Wai humra turaren matan aure ne, me ya kawo ta ƙirjin saurayi a gidan da ake takaba. Ko ɗakin Iya ba ta leƙa ba, ta wuce wajen Baffa. Ya ce mu hallara bayan la'asar, ni da ke."

"Me ka ce mata?"

"Ban ce komai ba tukuna. Amma zan faɗa."

"Ka faɗi me?"

"Gaskiya mana!"

"Ka tsaya a gaban dangin ubanka ka ce uwarka ta shafa turare a takabarsa?" Ta girgiza kai, hawaye suka zubo. "Ka san abin da za a ce. Za a ce ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba ta fara neman wani. Za a ce dama ba ta ƙaunarsa. Kafin gobe masu tumatir a kasuwar gero sun sa ta a waƙa. Matar da ko abinci ba ta iya haɗiya, Bishara, wannan zai kashe ta."

"To ke fa? Ke ba mutum ba ce? Kin san sunan da Gwaggo ta kira ki da shi?"

"Na sani. Ni dama bakinsu ya saba da ni."

"Baffa ya ce in abin ya tabbata maganar aurenmu ta mutu. Kin ji? Ta mutu!" Ya buga ƙirjinsa daidai inda man yake. "Na yi haƙuri, na bi su da lallashi, na ƙi kowace 'ya da suka nuna mini. Yanzu ki ce in zauna ina kallo a raba mu a kan abin da ba mu yi ba?"

Ta zame ta tsuguna a bakin soro tana kuka sosai.

"Kana tsammanin ni ba na so ne? Wallahi tun da na san kaina ban taɓa son wani abu kamar yadda nake son zama da kai ba. Har ɗakinmu na tsara a zuciyata. Amma ta riƙe hannuna, Bishara, na ba ta kalmata. In na tona ta yau, gobe wace mace ce za ta kwance zane a gabana? Kuma in aka ɗaura auren a kan kunyar uwarka, da wane ido zan riƙa shiga gaishe ta?"

"Ni ban ba ta kalma ba."

"Ni za ka ba wa. In ka buɗe baki, ko sun yarda ni na fasa."

Ya daɗe yana kallonta, idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Ba ki yi mini adalci ba, Amne."

"Na sani. Amma ai Hajje tana nan, za ta ji komai. In faɗa ne ita ya kamata ta faɗa."

Ya yi wata dariya marar daɗi.

"Iya ba ta son aurenmu, ko kin manta? In ta yi shiru ta rufa wa kanta asiri, ta kuma rabu da ke. Me zai sa ta yi magana?"



* * *

Ita kaɗai ta je. Ba ta so kakarta da ke riƙonta ta ji, tsohuwar ba ta da ƙarfin ɗaukar irin wannan.

An shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, daura da ɗakin Hajje, don mai takaba ba ta fitowa gaban maza. Labulen ƙofarta a sake yake. Baffa Annadif na zaune da carbi a hannu, Bishara a gefensa kai a ƙasa. Gwaggo Zenaba ta harɗe a kan kujera, wasu matan dangi kuma sun jeru a jikin bango, wai sun zo gaisuwa. An dafa shayi amma ba wanda ya taɓa.

Amne ta cire takalmi ta durƙusa ta gaishe su. Baffa kaɗai ya amsa.

"'Yata, ba na son dogon zance," ya ce cikin taushi. "Na shinshina rigar yaron nan da kaina. Na tambaye shi, ya rantse bai taɓa ki ba, amma ya ƙi faɗa mini inda ya samo ƙamshin. Ke nake tambaya."

"Wallahi Baffa ko gefen rigarsa ban taɓa taɓawa ba."

"To daga ina?"

Ta sunkuyar da kai.

"Ba ni da abin faɗa, Baffa."

"Kun ji ko!" Gwaggo Zenaba ta tafa hannu. "Ai ruwa ba ya tsami banza. Gidan nan tun rasuwar ƙanena ko turaren wuta ba a kunna ba. Ni da hannuna na kwashe kwalaben Ashta. Mace ɗaya ce ta shigo yau da kwandon turare, kuma ga ta nan tana mana fuskar salihai. Humra har a ƙirji, Annadif! Iska ce ta kai ta?"

"Yaya, ki bari mu bi a hankali."

"A hankalin me? An sa ta zo ta matsa wa marar lafiya jiki, ta ɓuge da matsa wa ɗan gida!"

Matan jikin bango suka rufe baki da lafaya. Bishara ya yunƙura, Amne ta ɗago ta dube shi sau ɗaya, ya koma ya zauna yana huci.

Baffa ya juya wajen labule.

"Ashta, ki yi haƙuri mun dame ki. A gidanki abin ya faru. Kin ga wani abu, ko kin ji?"

Tsakar gidan ta yi tsit. Amne na jin bugun zuciyarta har cikin kunne. Ba ta roƙi komai ba, amma Allah ya sani ta sa rai.

Can murya ta fito daga bayan labule, siririya.

"Barci nake yi."

Amne ta runtse ido. Ba ƙarya Hajje ta yi ba, kuma hakan ya fi yi mata ciwo.

Baffa ya ja numfashi ya ajiye carbi.

"To. Ni ban ga komai da idona ba, ba zan ɗora wa 'yar mutane abin da Allah bai nuna mini ba. Amma aure ba ya tsayuwa a kan zargi. Bishara, ka cire yarinyar nan daga ranka. Ke kuma 'yata, kada a sake ganin ƙafarki a gidan nan."

"Ta je ta auri wani mai shagon turare irinta, su ƙarata," in ji Gwaggo. "Dama me ake jira daga 'yar Sadiye? Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Uwar ma Allah kaɗai ya san gidajen da ta shiga da abin da ta fito da shi."

Amne ta miƙe tsaye.

"Gwaggo, ni ki kira ni duk sunan da kika ga dama. Amma ki bar Iya a kabarinta. Rabin matan da ke zaune a nan ita ta gyara su, kuma ta mutu ba wanda ya ji sirrin ko ɗaya daga bakinta."

Matan jikin bango suka kau da kai.

"Amne..." Bishara ya kira ta, hawaye na bin gemunsa, bai ko damu da goge su ba.

Ba ta dube shi ba, don ta san in ta duba ba za ta iya tafiya ba. Ta taka zuwa bakin labule ta durƙusa.

"Hajje, zan tafi. Allah ya ba ki lafiya, ya jiƙan Alhaji, ya sa ki fita takaba lafiya. In na taɓa saɓa miki ki yafe mini."

Ta dafa ƙasa za ta tashi ke nan labulen ya motsa.

Hannu ne ya fito, ramamme, babu awarwaro babu lalle.

"Zenaba," in ji Hajje Ashta, "zo nan."

"Me kuma?"

"Ke mai hanci. Zo ki shinshina."

"Hajje, a'a!" Amne ta faɗa da ƙarfi. "Don Allah ki mayar da hannunki!"

"Yi mini shiru, yarinya."

Gwaggo Zenaba ta taso tana yatsina, ta kama wuyan hannun ta kai hanci. Sai ta sake shi kamar ta taɓa garwashi, ta ja da baya.

"La'ilaha illallahu! Ashta! A takabar ƙanena?"

"A takabar mijina," muryar ta amsa, yanzu babu rawa a cikinta. "Ni na ɓoye kwalbar, ni na roƙe ta, ta hana ni na matsa mata. Ni na yi kuka a ƙirjin ɗana. Yarinyar nan na ƙi ta ban ɓoye ba, yau kuma na bar ta a rana ina ji ana yankan naman uwarta, ta zo tana neman gafarata. Ni ban iya wannan ba. Gara garin nan ya ci namana."

"Zai ci kuwa!" Gwaggo ta figi lafayarta. "Wallahi kafin magariba sai kowa ya ji abin da kika yi wa Hisen!"

"Bari kowa ya ji," in ji Hajje.

Gwaggo ta fice tana sababi, matan jikin bango suka sulale suka bi bayanta ɗaya bayan ɗaya, kowace na sauri kada a riga ta kai labari.

Baffa Annadif ya dubi labule.

"Ashta, wannan tsakaninki da Mahaliccinki ne, ki nemi gafararsa. Ke kuma 'yata, na zalunce ki, ki yafe mini."

Amne ta kama hannun Hajje da hannu biyu ta kifa goshinta a kai tana kuka. Hajje ta bar ta ta yi mai isarta, sannan a hankali ta zare hannun.

"Daga yau kada hannunki ya sake taɓa jikina."

Amne ta ɗago a firgice.

"Hajje, me na yi?"

"A ina kika taɓa jin suruka ta ga jikin uwar mijinta a buɗe? Annadif, in na fita takaba ku je ku nema wa yaron nan aurenta. In kuma danginku sun ƙi zuwa saboda ni, ka je kai kaɗai."

Bishara ya kifa fuskarsa a tafin hannu, kafaɗunsa na girgiza.

Amne kuwa ta rasa murna za ta yi ko me. Daga lungu ana jiyo muryar Gwaggo Zenaba tana kiran maƙwabta da sunayensu. Daren yau da na gobe da sauran dararen takaba suna nan tafe, ga bakin duniya, kuma hannu ɗayan da ke iya sauke wa matar nan nauyi an ɗaure shi.

"To barcin fa, Hajje?" ta tambaya cikin kuka. "Wa zai matsa miki? Yaya za ki yi?"

Labulen ya koma ya rufe.

"Na samu na yau," in ji Hajje Ashta. "Sauran na bar shi sai na tarar da Hisen."